A Mayar Wa Yara Darasin Aikin Hannu

A zangon karatun da ya shige, wata ranar Laraba, mu uku muka zagaya bayan ajin 'yan aji huɗu domin mu ga abin da ya hana yara dawowa daga tara alhali an daɗe da buga ƙararrawa. Abin da muka tarar shi ne gari sukutum a shimfiɗe a gindin katanga. An kewaye shi da ganuwar laka mai ƙofa biyu. Gidajen na kwalin ashana ne da kwalin sukari, rumbunan kuwa gwangwanayen tumatir ne da aka yi wa jinka da busasshiyar ciyawa, har da rijiya, inda aka binne murfin jarka aka cika shi da ruwa. Can gefe, bayan wasu tsinkaye da aka kakkafa a matsayin daji, an jera babura na kara masu tayoyin marfin kwalba, kowanne da tsakuwa uku a kansa. Ba sai an gaya wa mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa su wane ne ke fitowa daga daji uku-uku a kan babur ba. Wani yaro ya kara guntun silifa a kunne yana ciniki, wasu kuma suna ƙirga masa ganyen darbejiya a matsayin kuɗin fansa.

Ɗayanmu bai yi wata-wata ba ya sa ƙafa ya tattake garin, sauran biyun kuwa ba mu hana shi ba, domin abin da ya zo masa a rai shi ne ya zo mana. Yara suka watse, ban da wanda ya gina ganuwar. Bai yi kuka ba, bai kuma gudu ba. Ya dubi ɓaraguzan, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai dama haka suke yi."

Wannan magana ita ce dalilin wannan rubutu. Mun juya ta tsawon makonni a ofishin malamai, kuma abin da muka tsaya a kai shi ne mun yi kuskure. Garin nan da muka rushe ya fi duk wani aikin hannu da aka kawo mana a shekarar kyau, kuma kamata ya yi mu ɗauke shi mu shigo da shi aji, mu canza masa labari.

Yaran da ke gabanmu a yau ba su san wani zamani ba ban da wannan. Suna ƙanana aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, aka kora ɗalibai cikin daji, har sai ranar 17 ga watan gwamnatin jiha ta sanar da dawowar 344. Wasunsu yayyensu na cikin waɗanda aka kora. Sun ga lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu a watan Satumba na 2021, aka hana sayar da fetur a jarka, aka tsayar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Da yawa daga cikinsu sun kwana a gona, ko a ajin da suke karatu a cikinsa yanzu. Yaro kuwa da abin da ya gani yake wasa. Mu da muka tashi muna ganin gingimari da a-kori-kura, su muka ƙera. Su kuma sun ƙera abin da suka gani. In akwai abin zargi a nan, ba a hannun yaro yake ba.

To, ina ne ya kamata irin wannan gwaninta ta sami mazauni a makaranta? Amsar tana rataye a bangon kowane ofishin hedimasta, cikin jadawalin darussa. Akwai darasin al'adu da fasaha, wanda iyayenmu da mu kanmu muka sani da aikin hannu. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya game da abin da ya zama. A makarantu da dama aikin hannu ya koma tsintsiya. Ƙarshen zango ya zo, a ce kowa ya kawo aikin hannu, yaro ya je ya matsa wa uwarsa, ta kwance bakin zane ta sayo tsintsiya ko faifai, malam ya ba da maki. A wasu wuraren ma an huta da tsintsiyar, kuɗi ake karɓa. Ta haka muka koya wa yara, ba da baki ba, cewa ana sayen maki, kuma abin da hannunka ya yi bai kai abin da aljihun ubanka ya yi ba. Yaron da ya gina ganuwar nan, da muka duba rajista, makinsa na aikin hannu a zangon baya sifili ne, saboda mahaifiyarsa ba ta da kuɗin tsintsiya.

Abin takaicin shi ne mu ba haka muka tashi ba. Duk wanda ya haura arba'in a cikinmu ya san yadda ake feƙe ɓawon kara a soke shi cikin totuwa har mota ta tashi da ƙofofinta da madubinta. Mun yanka tsohon silifa mun yi taya, mun lanƙwasa langa-langa, mun tono yumɓu a bakin rafi mun gina shanu da raƙuma. 'Yan mata sun yi 'yar tsana, sun yi mata ɗaki da jeren tukwane, har a yi mata biki da gara. Babu wanda ya ba mu maki, amma a nan muka fara sanin awo da daidaito da haƙuri. Da muka je kwalejin ilmi, walau ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko ta tarayya da ke Katsina, an karantar da mu cewa malamin kirki shi ne mai iya ƙirƙiro kayan koyarwa daga abin da ke kewaye da shi. Mun yi hakan lokacin koyarwar gwaji, domin mai duba mu na zaune a bayan aji da biro a hannu. Da muka karɓi takardar ɗaukar aiki, sai muka naɗe wannan ilmi muka sa a ƙarƙashin katifa tare da takardar shaida.

Wataƙila wani ya ce gina gari na kwali a yi yaƙi a kansa shirmen yara ne. Bari mu leƙa waje kaɗan. A shekarar 1812 wani mutumin Furushiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa sarkinsu wani teburi mai ɗauke da siffar tuddai da koguna da ƙauyuka, ana tura 'yan alamomi a kansa a matsayin rundunoni. Ɗansa ya gyara wasan a 1824, rundunar ƙasar ta karɓe shi ta riƙa horar da hafsoshinta da shi. Har gobe sojoji kan zana fili a kan yashi kafin su fita. A Ingila kuma, marubucin nan H. G. Wells, wanda ya taɓa koyarwa a makaranta kamar mu, ya wallafa littafi a 1911 kan wasannin da yake yi da 'ya'yansa a daɓen ɗaki, inda suke gina birane da tsibirai da katakai da rassan itace, ya kuma bi shi da wani a 1913 kan dokokin yaƙin sojojin wasa. Daga wannan tushe abin ya yaɗu, har a 1983 kamfanin Games Workshop ya fito da wasan Warhammer, inda ake gwabza yaƙi tsakanin dodanni da matsafa da jarumai na almara. Manyan mutane ne ke yin sa, masu aiki da iyali. Sojojin wasan tsada gare su, amma filin dagar da yawansu da hannu suke gina shi: su yanka kwali su yi kango, su sassaƙa farin soson da ake kunso rediyo da shi ya zama dutse, su shafa gam su barbaɗa yashi, su bi da fenti. Watau abin da ɗan aji huɗunmu ya yi a gindin katanga ba tare da kowa ya koya masa ba, shi ne abin da wasu ke ware kuɗi da ranakun hutu domin su iya.

Amma abin da ya fi shafar mu a wannan tarihi wata likitar yara ce a Landan, Margaret Lowenfeld, wadda ta yi aikin agaji a Folan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ga abin da yaƙi ke yi wa yara. Ta tuna da littafin Wells na farko, sai a 1929 ta tanadi faranti mai yashi da ƙananan gidaje da itatuwa da mutane, ta bar yaran da ake kawo mata su gina duniyar da suka ga dama. Ta lura cewa abin da bakin yaro ya kasa faɗa, hannunsa kan shimfiɗa shi a kan yashi. Har yanzu masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara na amfani da wannan hanya. Mu ba likitoci ba ne, kada kuma waninmu ya ɗauki kansa haka. Yaron da ke firgita cikin barci ko ya daina magana, asibiti ya kamata a kai shi. Sai dai aƙalla mu gane cewa yaron da ke wasan kuɗin fansa ba koyon sana'ar yake yi ba. Wani abu ne ya tsaya masa a maƙogwaro yake neman hanyar fito da shi.

Bayan mako biyu muka kira yaron, muka ba shi haƙuri, abin da bai saba ji daga bakin malami ba, muka ce ya sake gini, amma a cikin aji, kuma da sharaɗi. Muka samo tsohuwar ƙyauren taga da ta daɗe a jingine a sito, muka ɗora ta bisa bulo huɗu a ƙuryar aji. Aka raba yara ƙungiya-ƙungiya. Masu ganuwa suka kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, kamar yadda magina ke yi, suka murza tubali ƙanana kamar ƙwallon dabino. Masu duwatsu suka jiƙa takardar buhun siminti, suka cuɗa ta da kunun sitaci, suka lulluɓe gwangwanaye da ita, da ta bushe sai ga fa da kogo. Aka yi itatuwa da tsinken tsintsiya da soson katifa da aka tsoma a ruwan ganye. Kogi kuwa ledar ruwa ce aka wanke aka shimfiɗa bisa takardar da aka shafa wa bula. Fenti bai ci mana ko kwabo ba: gawayi ya ba mu baƙi, toka ta ba mu ruwan toka, farar ƙasa kuwa, wadda Allah Ya hore wa Ƙanƙara har ake haƙar ta a kai wasu garuruwa, ita muka shafe fada da masallaci da ita. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta zo da ƙaro daga gida ta nuna mana yadda kakarta ke jiƙa shi ya zama gam, ya kuwa fi sitacin riƙo.

Sharaɗin da muka gindaya shi ne garin ba zai zama garin kowa ba. Ba Ƙanƙara ba ne, ba 'Yankara ba ne, ba Sheme ba ne. Yara suka raɗa masa suna Birnin Gizo, abokan gābarsa kuwa Dodo ne da rundunarsa da ke zaune a kogon dutse. Muna da dalili biyu, kuma muna roƙon duk wanda zai gwada wannan ya riƙe su. Na farko, a halin da muke ciki, siffar gari na gaske, da hanyoyin shigarsa da inda 'yan sintiri ke kwana da gidan mai hali, ba abin ajiyewa a aji ba ne. Kowa ya san yadda maganar masu kai rahoto ta raba 'yan'uwa a yankin nan, kada malami ya jawo wa kansa ko ɗalibansa abin da ba zai iya wankewa ba. Na biyu, tatsuniya tana ba yaro tazara. Idan ɗan bindiga ne a kan babur, yaro ya san ƙarshen labarin, domin ya gan shi da idonsa, kuma kullum garin ne ke faɗuwa. Idan kuwa Dodo ne, to kowane ɗan Bahaushe ya san ana iya yi wa Dodo wayo. Akwai kuma wani amfanin da ba mu hango ba sai daga baya. A wasan bayan katanga, 'ya'yan Fulanin da ke ajin su ake tilasta wa zama 'yan daji, ko a ƙi wasa da su. A Birnin Gizo kuwa babu wanda Dodo ya yi kama da kakansa. Wanda ya fi kowa iya tsaron ƙofar gabas wani ɗan rugar da ke bayan makaranta ne.

Ba mu rasa abin da za mu ciyar da wannan wasa da shi ba. Adabinmu cike yake da irin wannan duniya. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Katsina, da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam, duka sun fito ne daga gasar rubutu ta 1933, ga kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mukan karanta musu shafi biyu, su kuma su gina wurin da aka ambata. Da muka zo darasin tarihi, sai muka sa su kwaikwayi ganuwar Katsina, suka sa Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, aka naɗe kwali aka yi hasumiyar Gobarau. A nan ne wani ya tambaya don me mutanen dā suke barin gonaki da rijiyoyi a cikin ganuwa, kafin mu buɗe baki wani ya amsa masa cewa don kada yunwa ta ci su in an kewaye su. Shekara nawa muna rubuta wannan a allo ba ta zauna ba.

Lissafi ma ya shigo da kansa. Muka ce santimita ɗaya a kan ƙyauren nan daidai take da mita ɗaya a ƙasa, sai ga yara na rububin rula domin su san ko dokinsu zai kai rafi a tafiya ɗaya. Ƙa'idar wasan mai sauƙi ce. Marafan kwalba su ne mayaƙa, mai ƙafa na tafiya santimita 5, mai doki 10. Ƙungiya ba ta motsawa sai ta amsa tambaya daga darasin mako. Malami ne alƙali. Muka kuma sa dokar da ta fi ba su wahala: wanda ya kuɓutar da mutanen gari da rumbunansu, ko ya kai ga sulhu, ya fi wanda ya kashe Dodo maki. Sun yi gardama a kan wannan ƙwarai, gardamar kuwa ta fi wasan amfani.

Mun san akwai masu ja, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Wani uba ya zo ya ce ya ji ana koya wa ɗansa yin gumaka. Muka shigo da shi ya gani da idonsa: ganuwa ce da duwatsu da itatuwa, mayaƙan kuwa marafan lemo ne. Muka kuma tuna masa abin da malamanmu suka karantar, cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a ɗakinta, har da doki mai fukafukai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani bai hana ba. Duk da haka, inda iyaye ba su natsu ba, a tsaya ga gine-gine, babu abin da zai ragu. Ƙwayar ludo ma da gangan muka ƙi sa ta, kada a ce makaranta na koyar da caca. Wasu abokan aiki kuma suka ce ko ta yaya aka juya shi, yaƙi ne. Haka ne. To amma dara ma yaƙi ce, langa ma yaƙi ce, ba mu taɓa jin sun mayar da kowa ɗan ta'adda ba. Yaran nan za su yi wannan wasa ko mun so ko mun ƙi. Zaɓin da ya rage mana shi ne ko su yi shi a bayan katanga da dokokin daji, ko a gabanmu da dokokin da muka sa.

Ja na uku ya fi nauyi, kuma daga cikin ƙungiyarmu ya fito. An ce idan muka nuna za mu iya koyarwa da shara, to mun ba hukuma hujjar ta ƙara naɗe hannu. Wannan tsoro yana da tushe. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati alhakin ba kowane yaro ilmin farko kyauta, kwali kuwa ba ya zama benci, gwangwani ba ya zama littafi, Birnin Gizo ba ya toshe rufin da ke yoyo. NUT ta ci gaba da neman waɗannan da babbar murya, muna bayanta. Sai dai ba mu ga hikimar a ce yaro ya zauna hannu rabbana har ranar da kayan aiki za su iso ba. Ɗan aji huɗu na bana ba zai sake zama ɗan aji huɗu ba.

Wajibi ne a yi hattara da abin da yara ke tsintowa. Bakin gwangwani na yanka, don haka malami ne zai daddaƙe shi kafin a ba yaro. Robar maganin feshi, wadda ta cika gonakinmu, kada ta shigo aji ko an wanke ta. Haka tsohon batir da sirinji. Wanda ya fi duka shi ne kwanson harsashi, domin yaranmu na tsintar sa, har wani ya kawo mana guda uku yana murna zai yi hasumiya da su. A gaya musu ƙarara cewa duk wani ƙarfen da ba su san shi ba kada su taɓa, su kira babba. A kuma hana su shiga bola da sunan aikin makaranta. Masu shaguna da masu shayi za su tara mana kwali da marafai in mun roƙe su, ko da yake gwangwani yanzu sai an yi takara da 'yan gwangwan.

Abin da muke nema daga reshenmu bai taka kara ya karya ba. A fitar da matsaya cewa mamban wannan ƙungiya ba zai karɓi kuɗi ko abin da aka sayo a kasuwa a madadin aikin hannu ba, kuma maki sai ga abin da aka yi a gaban malami. A roƙi shugabannin makarantu su daina mayar da sa'ar wannan darasi lokacin shara ko ɗebo ruwa. Sa'an nan a taron reshe mai zuwa a ware mana sa'a guda, waɗanda suka iya motar kara tun suna yara su koya wa waɗanda suka manta, domin mun lura akwai matasan malamai da ba su taɓa riƙe totuwa ba.

Birnin Gizo na nan a ƙuryar aji. Gara ta ci ƙofar yamma a lokacin hutu, ruwan da ya zubo ta rufi kuma ya narkar da rabin fada. Yaron nan ya ce a bar masa gyaran, amma yana son a ƙara wa ganuwar tsawo, a kuma haƙa rijiya ta biyu daga ciki. Mun ce ya kawo lissafin tubalin da zai ci ranar Litinin.